Dokar Tuwon Sallama

Har yau ban manta da ranar da Sista Asabe ta kafa doka a asibitinmu ba tare da mai asibitin ya sani ba. Ku da kuka kama aiki daga baya ba ku same ta ba. Ita ce shugabar nas-nas ta ɗakin mata, ni kuma ina kicin, ina dafawa ina rabawa. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidanmu na unguwar Gudu a nan Abuja Yaya nake ce mata, a wurin aiki Sista. Allah ya jiƙanta.

Lokacin sojoji sun daɗe da komawa bariki, kuɗi na yawo a gari, kowane wata sai ka ga sabon bene ya tashi a Jabi. Asibitinmu ƙarami ne, na kuɗi, manyan ma'aikatan gwamnati ke kawo iyalansu. Ga wanda bai san aikin ba, mu a kicin ba ma dafa abin da muka ga dama. Likita ke faɗin abin da kowane mara lafiya zai ci. Faranti kuma idan ya dawo, ba a wanke shi sai nas ta duba, don a san abin da ya shiga ciki.

Aka kawo mana Nafisa, ɗalibar jami'a, bayan ta yanke jiki ta faɗi a aji. Rana na ƙuna tana cikin rigar sanyi. Dakta Okon, likitan ɗakin, ya ce ciwon sunansa anoreksiya. Tsoron abinci da tsoron ƙiba ne ke kama mutum, har yunwa ta taɓa zuciya da ƙashi, ta tsayar wa mace da al'ada. Bugun zuciyar Nafisa ya yi ƙasa sosai. Ya ce a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, don cika ciki farat ɗaya ma haɗari ne. Da farko farantinta tas yake dawowa, ina ta murna, sai da mai wanki ta zazzage nama daga rigar filo.

Mahaifinta, Alhaji Kabiru, mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya. Dogo ne siriri kamar sandar makiyayi. Idan ya shiga alwala, sai famfo ya gaji. Ya fito, ya tsaya yana tunani, ya koma ya sake. Kullum ya zo sai ya ɗora wa matarsa laifi.

"Ke kika bar ta da waya da tashoshin Turawa. A danginmu ba a taɓa irin wannan ba."

Wata Talata da hantsi ya zo da mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa mai kazar-kazar da kowa ke kira Kaka. Ya ce zai tafi da Nafisa garinsu a yi mata ruƙiyya. Dakta Okon ya roƙe shi da Hausarsa ta Abuja: "Oga, zuciyan yarinya ya gaji, hanya kuma yana da nisa. Ka kawo malam nan, ya yi addu'a, mu ma mu yi namu." Alhaji ya ce ya gama magana. Nafisa ma tafiyar take so, don can ba mai duba mata faranti. Asibiti kuwa ba ya tsare mutum da ƙarfi.

Sai ga Sista a kicin. Da na ga idonta na gane, don da wannan idon ta taɓa sa ni na gaida akuyar maƙwabta a durƙushe muna yara.

"Mairo, ɗora tuwon shinkafa da miyar taushe. Na Nafisa daidai awon likita. Na sauran ukun, uba da uwa da Kaka, cika musu, nama manya-manya."

"Sista, me za ki yi?"

"Sallama zan yi musu. Ke dai kada ki yi dariya."

Na shiga da tire na same ta tana yi wa Alhaji bayani, fuska ba wasa. Wai dokar asibiti ce, mai irin wannan ciwo ba a sallamarsa sai iyalinsa sun ci abinci tare da shi a gaban nas, an ga yadda za a riƙa ciyar da shi a gida. Kowa ya cinye nasa, sai a buɗe ƙofa.

"Wannan doka tun yaushe?" in ji Alhaji. Ni ya kalla, wataƙila ya ga na fi kama da mai gaskiya.

"Ranka ya daɗe, ni dai a kanta nake aiki yau," na ce, na sunkuyar da kai.

Maman Nafisa ta yi bisimilla ta fara ci. Alhaji ya duba agogo ya ce ai ya riga ya ci a ofis.

"Tun da na aure shi," in ji matarsa, ba ta ko ɗago ba, "kullum ya riga ya ci a ofis. Har ranar Lahadi."

Ya tashi ya wanke hannu. Ya zauna, ya dubi hannun, ya sake tashi ya wanke. Kaka kuwa ta ce cikinta ba ya karɓar girkin asibiti, ta hango tsintsiya a bayan ƙofa, ta hau sharar ɗakin da aka goge da safe. Sista ta karɓe tsintsiyar cikin ladabi ta zaunar da ita. Tsohuwa ta gutsuri loma kamar ta tsuntsu, ta faki ido ta ƙulle namanta a bakin mayafi.

"Kaka, wa za a kai wa?" in ji Sista.

"Jikoki."

"Ai ga jikar a gabanki."

Alhaji yana ta aiki a farantinsa. Ya yanka, ya tura nan, ya tura can, ya shafe miya a gefe. Hannu na ta kai-komo, baki na hutawa. Nafisa, wadda tun da ta zo ban ji ta yi magana mai tsawo ba, ta zuba masa ido.

"Baba," ta ce a hankali, "na ga naman da ka binne a ƙarƙashin tuwo. Ni ma can nake fara sa nawa."

Maman Nafisa ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ni na juya ina gyara tiren da ba abin da ya same shi.

Dakta Okon, wanda Sista ta tsayar a bakin ƙofa, ya shigo ya zauna kusa da Alhaji. Bai ce Alhaji ko Kaka suna da ciwon ba. Ya ce masu bincike sun lura abin yana bin jini, kamar ciwon suga da hawan jini, kuma a gida ɗaya yakan tafi tare da yawan damuwa, da waswasi, da kasa zama wuri ɗaya. Wani ya gaje shi kaɗan ya rayu lafiya, wani ya gaje shi da yawa, wahalar rayuwa ta tayar masa da shi. "Ba laifin Madam ba ne, oga. Ba laifinka ba ne. Ba wanda ya zaɓi jininsa."

Alhaji ya buɗe baki, Kaka ta riga shi. Tana kwance ƙullin mayafinta take magana.

"Ƙanwata Hansai haka ta yi ta ramewa. Aka ce mayu ne, aka yi ta yawo da ita gari-gari. A hanya ta cika." Ta ajiye naman a faranti. "Kabiru, ba ka cinye ba, ni ma ban cinye ba. Doka ta ce ba sallama. A bar yarinya a nan."

"To, Inna," ya ce.

Ba a ranar Nafisa ta warke ba. Ta daɗe a wurinmu, ta koma gida, ta sake dawowa, tana ganin likitan ƙwaƙwalwa. Amma bugun zuciyarta ya daidaita, ta gama karatunta. Alhaji ya kawo malaminsa ya yi addu'a a bakin gado, kuma ban ƙara jin ya ambaci tashoshin Turawa ba.

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne idan faranti ya dawo a cike, kada ku yi saurin neman mai laifi. Mara lafiya daga wani gida ya fito, wani lokaci gidan gaba ɗaya ke buƙatar a zauna da shi a ci abinci.

Bara Yaya ta rasu. A zaman makoki na kasa cin abinci, kowa ya kawo sai in ce na riga na ci. Sai ga wata mata da goyo ta shigo da kular abinci, ta zauna a gabana ta buɗe. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe. Sai da ta yi magana na gane Nafisa ce.

"Anti Mairo, bisimilla. Ba zan tafi ba sai mun cinye. Dokar asibiti ce."

Na wanke hannu, muka ci.