Ranar da Baba ya rantse ba shi ya haife ni ba

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara goma sha takwas, ga baki ga rawar kai, ina ganin duk birnin Katsina babu wanda ya kai ni wayo. A gidan yayan mahaifina na tashi. Allah bai ba shi haihuwa ba, shi ya sa ana yaye ni mahaifina ya ɗauko ni daga Batagarawa ya ba shi riƙo. Baba nake ce mashi, matarsa kuma Inna. Shi ya kai ni firamare, da malami ya tambayi sunan uba kuwa nasa ya faɗa. Wa zai ce mashi don me? Haka sunan ya bi ni har takardar gama sakandare.

Wani hutu da na je Batagarawa na tarar ana yin katin ɗan ƙasa. Muka bi layi da ƙawayena muna ta shewa. Da aka tambaye ni sunan mahaifi, ga mahaifin nawa tsaye a gefe yana jiran nasa, ai sai na faɗi sunansa. Ko a jikina. Na dawo gida na jefa katin cikin akwati, ban nuna wa kowa ba.

Sai da na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, abin da nake buri tun ina ƙarama, sannan na gane ɓarnar da na yi. Ranar tantancewa jami'in ya jera takarduna a tebur ya ce shi mutum biyu yake gani. Na hau shi da faɗa, har da riƙe ƙugu. Bawan Allah ya bari na gama, sannan ya ce in kawo takarda daga kotu, wanda sunansa ke kan takardun makaranta ya rantse cewa mariƙina ne, ba mahaifina ba. In aka rufe tantancewa ban kawo ba, za a ba wata gurbin.

Jama'a, da wane bakin zan faɗa wa Baba? Mutumin da ko da wasa ba a taɓa cewa a gabansa ba shi ya haife ni ba. Mutumin da in na yi zazzaɓi yake rufe shagon yadinsa ya dawo ya zauna a tsakar gida. Shi zan kai gaban baƙi ya furta haka? Wallahi na gwammace in rasa karatun. Na ce wa Baba da Inna an ɗage tantancewar, na shiga ɗaki ina ta kuka a ɓoye. Baki ya mutu, abinci ya ƙi shiga. Ranar da na zuba wa miya gishiri sau biyu Inna ta tsare ni a madafa, ta ce ita ba yarinya ba ce, in faɗa mata abin da ke cina. Na faɗa, na roƙe ta don Allah ta rufa mani asiri. Ashe a daren nan ta kwashe komai ta faɗa wa Baba.

Washegari da hantsi na ga Baba ya fito cikin kayansa na Juma'a, ya ce in ɗauko mayafina, mai Keke Napep na jira a ƙofar gida. Kai tsaye kotu muka nufa. Da magatakarda ya karanto inda aka rubuta cewa shi ba mahaifina ba ne, sai Baba ya ɗauki biro. Ya sa hannu. Ni kam ban iya ɗaga kai ba.

A waje ya juyo ya kira ni sarauniyar wauta. Ya ce tuntuni malaminsu ya gaya mashi ɗa da sunan ubansa ake kiransa, shi ne son zuciya ya hana shi gyarawa, ashe ni Allah zai turo in gyara mashi. Abin da ya ɓata mashi rai ɗaya ne, wai har na ɗauka wata takarda za ta iya raba shi da ɗiyarsa. Washegari na miƙa takardar, aka karɓe ni.

'Yan'uwana matasa, musamman mu da muka tashi a hannun riƙo, da zarar kun kai shekarun yin katin ɗan ƙasa, na zaɓe ko buɗe asusun banki, ku zauna da iyayenku ku jera takardunku, suna da ranar haihuwa su zama ɗaya. Kada kunya ta sa ku ɓoye matsala ga waɗanda suka rene ku. Sun fi ƙarfin abin da muke tsoro.

Yanzu ina aiki, sunan mahaifina ne maƙale a rigata. Duk wata Baba na zuwa in auna mashi hawan jini. Yakan bi layi kamar kowa, amma da na leƙo sai ya taɓa na kusa da shi ya nuna ni, ya ce waccan ɗiyarsa ce. Har yau babu wanda ya ce ya kawo takarda.