Farin Saƙin da Na Ɗauka a Adudun Kakata

Lokacin da abin nan ya faru ina saurayi, na gama makaranta na dawo ƙauyenmu a yankin Gubuchi, babu aiki. Abokaina duk sun watse, wasu Zariya wasu Kaduna. Sai in wuni ban yi hira da kowa ba in ban da kakata ta wajen uba, mai kirana angonta mara cefane. A waya na ga Turawa masu ɗinka tufafin kakanninsu na shekaru aru-aru, su saka, su kwaikwayi zaman mutanen da. Na ce ashe mu ma ai muna da namu. Na buɗe shafi a intanet ina rubutu a kan kaɗi da saƙa da rini, ina ɗaukar hoton mazarin tsohuwa ina sakawa. A gari ana cewa na zauce, amma baƙin da ban taɓa gani ba suna yaba mini, ni kuwa yabon nan shi ne abokin hirata.

Wata rana wani mai bibiyar shafin ya ce yana so ya gan ni cikin shigar fataken da, amma da saƙin hannu na gaske. Na rasa inda zan samu, don masaƙin garinmu na ƙarshe ya rasu. Tsohuwa ta tafi suna Ikara, na shiga ɗakinta na buɗe adudu, sai ga farin saƙi a ƙasa, a naɗe cikin tsohon zane. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauka kayan kaka ai na jika ne, iyaka ta zage ni mu yi dariya. Na kai wa wani marini a wajen Kudan ya tsoma shi a baba, tela ya yanka mini taguwa da rawani. Hoton ya samu karɓuwar da ban taɓa gani ba, har na kasa zama wuri ɗaya don murna.

Da ta dawo na sako kayan na tsaya gabanta ina taƙama. Idonta ya yi rauni, sai ta kama gefen rigar tana murzawa da yatsu. Ta daɗe tana murzawa, sannan ta tambaye ni ko a adudunta na ɗauka. Na amsa ina dariya. Ta ce rigar ta yi mini kyau. Ta ce likkafaninta ne. Audugar gonar marigayi kakana ce, ita ta kaɗa da hannunta shekara da shekaru, don tana so ta kwanta cikin abin da ta wahala a kansa. Wallahi da ta rufe ni da duka da ya fi mini sauƙi. Na wanke rigar har hannuna ya saɓule, shuɗin bai ko motsa ba.

Na sayo mata auduga, ta karɓa don kada in ji kunya. Da hantsi takan zauna da mazari, amma yatsun sun ƙi, zaren sai tsinkewa yake. Ta ci gaba da kirana angonta, ni ne na kasa amsawa. Bayan damina biyu Allah ya yi mata rasuwa, abin da ta kaɗa bai cika tafin hannu ba. Babana, wanda bai san komai ba, ni ya aika kasuwar Makarfi in yanko farin yadi.

Na rufe shafin tun ranar da ta rasu. Na gane ina ta neman mutanen zamanin da a waya, ga ɗaya a gidanmu ban taɓa zama na tambaye ta ba. Masu sha'awar kayan gargajiya, don Allah ku tambayi tsofaffi kafin ku taɓa ajiyarsu, ba komai aka ajiye don ado ba. Rigar tana nan cikin adudun, a wurin da na ɗauko ta. Ku sa kakata a addu'a.