Piruwet ɗin 'yata

Ina canza tayar wata mota a garejin da nake aiki a East Greensboro aka kira ni a waya. Matata ce. Ta ce in ajiye abin da ke hannuna. 'Yarmu ta yi hatsari a hanyar McLeansville, tana dawowa daga ajin rawa, kuma ba ta kai asibiti da rai ba. Shekararta goma sha tara.

Rawar balle take yi, irin wadda ake tsayawa a kan yatsun ƙafa. Uwarta ce ta sa ta tun tana ƙarama. Ni ban hana ba, amma ban so mutanenmu na coci su sani ba, saboda matsattsun kayan da ake sawa. Idan an tambaye ni inda take ranar Asabar, sai in ce ta tafi lesin.

Wata rana da yamma, kafin hatsarin, 'yar tawa ta ture teburin kicin gefe.

"Baba, tsaya nan. Zan nuna maka piruwet."

"Wane ne kuma shi? Ɗan ajinku?"

Ta yi dariya. Ta ce juyi ne a kan ƙafa ɗaya. Kalmar Faransanci ce, wai asalinta sunan wani abin wasa da yara ke murzawa ya yi ta juyawa a ƙasa.

Na ce, "Ashe katantanwa ce. Mu a yashi muka yi ta, ba malami."

"To yau ga katantanwarka ta girma."

Ta ce mai juyi yakan zaɓi abu guda ya kafa masa ido, duk zagayen da ya yi ya dawo kansa, in ba haka ba jiri ya kayar da shi. A aji agogon bango take kallo. Yau fuskata za ta kalla.

Ta ɗaga ƙafa, sai aka buga ƙofa. Wani dattijon cocinmu ne ya kawo saƙo. Na ce mata da Hausa ta shige ciki ta ɗaura zani. Ta tsaya tana dubana, sannan ta shige. Ba ta sake cewa in tsaya ba.

Kafin jana'iza fasto ya tambaye ni me ta fi so a rayuwarta, don ya ambata a wa'azi. Na ce waƙa. Matata tana gefena, ba ta ɗaga kai ba. Haka ya faɗa wa jama'a, aka yi ta gyaɗa kai.

Kowace Lahadi muna gaisawa da shi a bakin ƙofa. Har yanzu ban gyara masa maganar ba.