Malama Zuliha da Mujallarta

Shekara goma sha tara Malama Zuliha ta yi tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti da ke bakin kanal ɗin ban ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. A nan ta saba ganin uwa ta shigo da 'yarta a lulluɓe tana cewa zazzaɓi ne, alhali fyaɗe aka yi wa yarinyar kwana huɗu da suka wuce. Da ta koma jami'a ƙaro karatu, ta nemi abin da aka rubuta a kan irin waɗannan yara da yadda ake jinyarsu, sai ta tarar kusan duk na wasu ƙasashe ne. Abin ya tsaya mata a rai. Ita da wasu likitoci biyu suka kafa mujallar bincike mai fitowa sau biyu a shekara, ita ce edita.

Ba ta da sassauci a aikin. Duk maƙalar da ta zo, sai ta cire sunan marubucin ta tura wa masana biyu su tantance. In ta tsallake, ta zauna ta taƙaita ta da Hausa saboda ungozomomi da ma'aikatan lafiya na ƙauye.

Fitowa ta bakwai ce ta jawo mata rigima. Wani likita, Dakta Maharazu, ya kawo binciken da ya yi a yankinsu, mai nuna cewa yawancin masu lalata yaran ba baƙin da ke zuwa tsinkar tumatur ba ne, kamar yadda ake ɗora musu. 'Yan gida ne da maƙwabta. Kafin a kai wa maɗaba'a, magana ta fita.

Ƙanin mahaifinta, Alhaji Isiyaku, wanda ke shugabantar rabon ruwa a layin gonakinsu, ya zo har gida. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa, bai sha ba.

"Zuliha, garin ubanki za ki tona wa asiri?"

"Baba, babu sunan gari a ciki, babu sunan kowa."

"Kowa ya san inda kike aiki. Cire shi."

"Ni na wanke yaran nan da hannuna, Baba. Da a ce binciken ƙarya ne, da tuni na cire. Masana biyu sun duba, gaskiya ne. Ka yi haƙuri, zai fita."

Ya tashi ya saka takalmansa ba sallama.

Mujalla ta fito. Sau uku layin ban ruwa yana zuwa kan gonarta ana tsallake ta, albasarta ta ƙone tas. Aka yi suna a dangi ba a aika mata goro ba. Zuliha ta yi kuka ranar da ta ga gonar, amma ba ta je roƙon kowa ba. Ta ɗauki kwafi arba'in ta bi asibitocin ƙauyuka tana rabawa da kanta, ta aika ɗaya gidan Alhaji Isiyaku.

Bayan wata biyu wata ungozoma mai suna Barira ta shigo asibiti riƙe da hannun yarinya 'yar shekara tara, uwar na biye. Abin ya faru ne da safiyar ranar. Barira ta ce, "Malama, an karanta mana takardarki, an ce in an yi wa yarinya fyaɗe, kada a wuce kwana uku ba a kawo ta asibiti ba. Kuma uwar ta yarda ta faɗi ko wane ne."

Zuliha ta rufe ƙofa, ta jawo wa uwar kujera, ta sa safar hannu.