Talatu da Garwashi a Tsingaro

Satin da ya wuce kakata ta kira ni daga Zariya, muryarta ta yi ƙasa saboda ciwon ƙirji, ta ce, "Takwara, yi mini addu'a." Ina tsaye a kicin ɗina a unguwar Whalley Range, nan ƙasar Turawa, na rufe ido, na buɗe baki, sai na tarar babu komai a ciki. Ni da nake sakatariyar zumuntar mata a cocinmu, ni da nake tsara wa mawaƙa ranakun gwaji. Na yi ta maimaita "Ya Uba" har sau uku, daga ƙarshe abin da ya fito shi ne addu'ar cin abinci. Ta ce amin. Na ji kunya ƙwarai, kuma tun ranar nake tambayar kaina yaushe na daina magana da Allah ban sani ba.

Tambayar ce ta mai da ni Aston, a Birmingham, ina shekara takwas. Kaka ta zo yi wa mahaifiyata wankan jego, ta zauna wata shida tana faɗa da sanyi. Ba ta yarda da ɗumin da ke fitowa daga ƙarfen jikin bango ba, wai wutar da ba a ganinta ba wuta ba ce. Sai Baba ya riƙa kunna mata tsohuwar hita mai gas da ke falo. Da mun gama cin tuwo, ta ja kujera gabanta, ta miƙe ƙafafu cikin safar Baba, ni da yayana Ishaya mu zube a ƙasa. Sai ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso." Mu kuma ta koya mana mu amsa, "A ba ta wuri ta zauna."

Wani maraice ta ba mu labarin Talatu, yarinyar da wutar gidansu ta mutu, uwarta ta aike ta ɗebo wuta a gidan gwaggonta da ke ƙetaren kasuwa. Nan take Ishaya ya ɗaga hannu kamar yana aji.

"Kaka, ba su da lighter ne?"

"Maigidana, a garinmu maƙwabci ne ashana," in ji ta. Ta bayyana mana yadda ake yi: a zuba garwashi biyu ko uku a tsingaro, wato fasasshen ɓarin tukunya, a kare shi da tafin hannu, ana tafiya ana hurawa a hankali. Ban taɓa jin ana ɗaukar wuta a hannu a bi titi da ita ba, sai na matsa har gwiwata ta taɓa ƙafarta.

Talatu ta karɓi garwashinta jawur ta kamo hanya. A bakin kasuwa ta tarar da wata tsohuwa tana neman mai ɗora mata kaya. Ta ajiye tsingaro ta ɗora mata. Gaba kaɗan ƙawarta ta tare ta, ana yi wa yayarta lalle, ta ce ta zo ta riƙe mata ƙwarya minti ɗaya. Ta riƙe. Sai ga akuyar maƙwabcinsu ta tsinke igiya, Talatu ta taya kora har aka kama ta. Kowa ya sa mata albarka. Ta shiga gida da murna, tsingaronta a hannu, ba ta zubar ba, ba ta fasa ba. Uwar ta leƙa, toka ce kawai.

"Wa ya kashe mata?" na tambaya, don ni a lokacin kowane labari sai da mugu.

"Ba kowa."

"To laifi ne ta taimaki tsohuwar?"

"Ko kaɗan. Ni ma da na gan ta sai na ce yarinyar kirki."

"To me ta yi?"

Kaka ta dube ni ta saman tabaronta, tana jin daɗin yadda abin ya dame ni. "Abin da ba ta yi ba za ki tambaya, takwara. Tun daga ƙofar gwaggonta ba ta ƙara hurawa ba."

Ishaya ya so a ce an zane ta. Kaka ta ce a'a, uwar ta juye tokar ta miƙa mata tsingaron ta ce ta koma, kowa a gidan ya yi ta jira da yunwa. Daga nan ta rufe da cewa labari ya tashi ya ba addu'a wuri, muka durƙusa a kan kafet. Ba ta taɓa gaya mana abin da wutar take nufi ba, ni kuma na ɗauka darasin shi ne kada a tsaya wasa in an aike ka.

Yanzu da na haura talatin nake ganin abin da ya ɗaure mini kai. Da giya ce ko yawon banza ya raba ni da addu'a, da na gane shi tun daga nesa. Amma aikina ne a kantin magani, wanda nake so. Kai yara makaranta ne, da saƙonnin zumuntar mata da ke shigowa tun ban sauko daga gado ba, da girkin bikin godiya a coci. Ba ɗaya a ciki da zan kira zunubi, kowanne ma an gode mini a kansa. Ban taɓa yanke shawarar barin Allah ba. Kullum dai cewa nake in na gama wannan zan zauna da shi, har shekaru suka wuce ina yi masa hidima ba tare da na ce masa uffan ba. Abin ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni mamaki yadda mutum zai yi nisa haka ba tare da ya ji tafiyar a jikinsa ba.

Bayan kwana uku na kasa haƙuri, na kira ta na gaya mata gaskiya. Na zaci za ta yi mini wa'azi. Sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ai na ji. Kin sa wa ciwona albarka kamar tuwo." Ta numfasa. "Ƙarfe nawa kike tashi?"

"Six, Kaka. Amma ina da school run, sai na kai yara makaranta, ga shift a wurin aiki..."

"Zan kira ki shida saura kwata. Ke za ki fara, ni zan ce amin."

Washegari waya ta yi ƙara gari bai waye ba. A fuskarta akwai saƙonni a jere suna jira na, har da na shugabar zumunta da aka rubuta wa "urgent", wato na gaggawa. Yatsana ya nufi can da kansa, na janye shi, na amsa kiran Kaka. Ina jin numfashinta yana fita da ƙyar.

"Ban san me zan ce ba," na faɗa mata.

"To gaya masa hakan," ta ce. "Ina jin ki, shi ma yana ji. Fara."