Minti Arba'in a Gidan Gwaggo

Yayana ya tafi Amurka da niyyar karatun injiniya, ya ƙare a tuƙin tirela, kuma a tsakanin biyun ya kamu da ciwon da har yau ba a samo masa magani ba, wato ƙwallon Amurka. Ba irin wadda muka taso muna gani a Maraɗi ba, wadda ake bugawa da ƙafa kamar mutanen kirki. Wannan wata aba ce mai siffar gwanda, ƙato ya sa hular kwano ya rungume ta ya ruga, wasu ƙattan su bi shi su danne. Idan lokacin wasan ya kama, ba a kiran Yaya ran Lahadi. Ko matarsa sai ta jira a shiga talla kafin ta yi masa magana.

Da ya kira ni ya ce zai ratso ta Faransa ya yi kwana huɗu kafin ya wuce gida, sai na zauna na tsara jadawali. A Lyon nake aiki, a ɗakin gwaje-gwaje, kuma zaman Turai ya riga ya sa mini cutar nan ta cewa komai sai an rubuta masa lokaci. Kwana biyu a Paris: hasumiyar Eiffel, kwale-kwale a kan kogin Seine, gidan tarihin nan mai dalar gilashi. Kwana biyu a Lyon: tudun Fourvière, lungunan tsohon gari. Don in saye zuciyarsa kuma, na yi ta tono har na gano wata ƙungiyar 'yan sa-kai a bayan gari da ke buga ƙwallon tasa, suna da wasa ran Lahadi da rana. Na buga jadawalin kwafi biyu, mai launi.

Ni dai ba ƙarfen Eiffel ne ya dame ni ba. Babanmu ya rasu shekara ɗaya da rabi kafin nan, ban je ba. A lokacin takardar zamana tana hannun hukuma ana sauya ta daga ta ɗaliba zuwa ta ma'aikaciya, in na fita ba ni da hanyar dawowa. Yaya ne ya je ya yi jinyarsa. Duk sanda na tambaye shi a waya yadda abin ya kasance, sai ya ce, "Ya cika lahiya, Auta, sai addu'a," ya koma tambayata ko ana sanyi. Abin da nake so shi ne awa ɗaya tak, ni da shi, babu kowa, in tambaye shi ko Baba ya neme ni, ko ya tafi yana fushi da ni. Saboda haka duk wurin da na zaɓa, na zaɓe shi ne don dogon layinsa. Mutum ba ya iya kashe waya a kan wanda ke tsaye kusa da shi a layi.

A ƙasan shafin farko na rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Gaida Gwaggo a Stains, minti arba'in." Har yau idan na tuna wannan layin sai in ji kunyar digirina.

Na tarbe shi a filin jirgi da safiyar Alhamis. Ya fito cikin wata koriyar riga mai ƙatuwar lamba a ƙirji, wadda za ta iya ɗaukar mu mu biyu. Muka rungume juna, na ji ƙwalla ta taho, na mayar da ita, domin kuka ba ya cikin jadawalin ranar. Na kira Gwaggo, 'yar'uwar Baba ta wajen kakanni, wadda ta fi shekara talatin a Stains, wata unguwa a bayan birnin Paris, na ce mata za mu leƙo mu gaishe ta kafin mu wuce otel.

Tun daga bakin lif na fara ganin takalma. Na maza, na mata, sun yi sahu har ƙofar maƙwabta. Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta tuna mini abin da kowace 'yar Maraɗi ta sani tun tana goye: ta'aziyya ba ta lalacewa. Ko shekara goma aka yi, idan babban ɗan mamaci ya taka garin da kake, wajibi ne ka je ka zauna a gabansa ka ce ya haƙuri. Gwaggo ta sanar da duk wani ɗan Nijar da ke tsakanin Stains da ƙarshen layin jirgin ƙasan RER.

Bayan mun yi gaisuwar da ta cinye rabin minti arba'in ɗin nan, na matsa kusa da ita.

"Gwaggo, muna da randebu da ƙarhe biyu."

"Da wa?"

"Da hasumiya. Na riga na yanki tikiti."

"Hasumiyar za ta tahi wani wuri ne? Tun da na zo garin ga tana nan tsaye, ban taɓa jin ta yi ƙorahi ba. Kuma wane otel kike faɗi? Ɗan ɗan'uwana shi kwana otel kamar wanda ba shi da kowa? Ke Lyon ta ɓata ki."

Na juya wajen Yaya don ya cece mu. Yaya ya riga ya tanƙwashe ƙafa a kan kafet, an ajiye masa kwanon fura.

Haka muka wuni. Ayari ya shigo, a yi fatiha, a shafa, Yaya ya sunkuyar da kai ya ba da labari: bayan magariba ne, babu wahala, kalmar shahada ce ƙarshen maganarsa. A ce Allahu akbar, a ce ya yi kyakkyawan ƙarshe. Daga nan sai a juyo kaina, ni da ke zirga-zirga da tiren shayi. "Allah sarki, wannan ce autar? Ita ce takardu sunka riƙe?" Sau nawa na ji wannan tambayar, ban ƙirga ba. Kowace Hajiya da irin muryar da take faɗinta, amma duk a wuri ɗaya suke soka mini.

Da an shafa fatiha kuma, ba a rasa wanda zai tambayi ma'anar lambar da ke ƙirjin Yaya. Shi ke nan an taɓo shi. Sai ya jawo tire, ya jera dabino goma sha ɗaya a nan, kofunan shayi a can, ya hau bayanin yadda ake ba ka dama huɗu ka ci taku goma. Dattawan da suka zo yi wa Baba addu'a suka koma suna musu a kan ko halal ne ka danne mutumin da bai yi maka komai ba. Hasumiyar da muka gani ranar ita ce 'yar ƙaramar da ke cikin kabad ɗin Gwaggo, tsakanin kwanukan tangaran.

Ran Juma'a wani Alhaji, abokin kasuwancin Baba tun suna samari, ya zo ɗaukar mu zuwa gidansa a Sevran, saboda iyalinsa su ma suna da haƙƙi. Ya sa mu a gaban motar kayansa, ya ce bari ya fara sauke wasu kwalaye a Porte de la Chapelle. Muka zauna cikin mota a ƙarƙashin gada, muna kallon masu tallar caja da takalma a kan kwali. Wannan shi ne iyakar shigar Yaya birnin Paris. A hanyar komawa muka gifta babban filin wasan Saint-Denis, sai ga mutumin da bai tambayi komai ba tun saukarsa ya manna fuska a gilashi.

"Alhaji, ciyawar ciki ta gaske ce?"

"Wallahi ban taɓa shiga ba, ɗana. Ni hanya kawai yake tare mini ran wasa."

Da za mu tafi Lyon ran Asabar, Gwaggo ta ɗauko waya ta ce bari ta sanar da 'yan Maraɗin da ke can. Na ce mata na riga na sanar da su. Ƙarya ce tsagwaronta, Allah ya yafe mini, kuma ko yau aka maimaita zan sake yi. A jirgin ƙasa na ce to, ga awa biyu sun samu. Kafin mu bar unguwannin bayan gari Yaya ya buɗe baki yana minshari, kular Gwaggo a kan cinyarsa.

Na hau da shi tudun Fourvière da yamma. Gari duka a shimfiɗe a ƙasanmu, jajayen rufi da koguna biyu. Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Yaya, Baba fa..." Ya ce in tsaya haka kar in motsa, hasken ya yi kyau, ya ɗauke ni hoto. A tsohon dandalin Rumawa da ke gefen tudun na sake gwadawa, sai ya sauka ƙasa yana auna faɗin wurin da taku, ya dawo ya shaida mini cewa bai isa filin wasa ba. Rumawa dai sun yi asarar wahalarsu. Na gane cewa ba mantuwa ba ce, guduna yake yi, kuma raina ya ɓaci sosai.

Ran Lahadi muka hau taram, jirgin cikin gari, har inda layinsa ya ƙare, muka ƙarasa da ƙafa. Filin na unguwa ne, an ja layukan ƙwallon Amurka a kan na ƙwallon ƙafa, har ba ka san wanda za ka bi ba. 'Yan kallo ba su wuce iyaye mata da 'yan mata da wani kare ba. 'Yan wasan kuwa da gani ka san gobe Litinin wani zai koma tuƙin bas, wani gidan burodi. Amma Yaya sai ka ce an kai shi Makka. Ya miƙe tsaye yana yi wa alƙalin wasa ihu da Ingilishi, mutumin da ko Faransancin 'yan wasan da ƙyar yake ji saboda iska.

A ranar na fahimci wasan. Ƙattai su haɗa kai su yi shawara, su jera, su yi karo na daƙiƙa biyar, a busa usur, su tashi su koma shawara. Taron dangi ne kawai aka sa wa hular kwano.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ya zauna yana haki, ya fara yi mini bayanin kuskuren masu tsaron baya. Na katse shi.

"Yaya, gobe za ka tahi. Kwana biyu ina raba shayi ina jin labarin da kake ba baƙi. Ni ba baƙuwa ba ce. Baba ya tambaye ni ko bai tambaye ni ba?"



"Kullum," ya ce. "Kullum da sahe, kahin ya sha koko: takardar Auta ta hito? Na ce bari in kira ki ki taho. Ya ce in na gaya miki jikin ya yi nauyi bai yahe mini ba. Ya ce ya san halinki, jirgi za ki hau ki zubar da wahalar shekara takwas."

Ashe bai tafi yana fushi da ni ba. Na ce, "To da zai cika, mi ya ce? Kai da shi, ba na baƙi ba."

"Ban sani ba."

"Kamar ƙaƙa ba ka sani ba?"

"Ba ni ciki, Auta." Muryarsa ta yi ƙasa har sai da na matso. "Ran Lahadi ce. Ya samu barci bayan magariba. Na ce bari in hita bakin get inda rezon waya ke kamawa, in duba wasa minti biyar. Na kusa rabin awa. Da na komo an riga an ja mishi zane. Abin da kika ji ina faɗi ma mutane, mai jinyar da ke taya ni ce ta faɗa mini. Ko matata ba ta sani ba." Ya ja rigar nan daga ƙirjinsa kamar tana ƙona shi. "Kuma ban daina kallo ba. Wannan ya hi komi ba ni kunya."

Na so in mare shi. Shekara ɗaya da rabi ina jin haushinsa a ɓoye, ina cewa shi ya samu abin da aka hana ni. Ashe ni teku da hukuma suka tare, shi kuwa yana bakin get. Na buɗe baki in faɗi maganar da ba za ta gyaru ba har abada, sai na ga ya takure a kan benci kamar yaro, wannan ƙaton mutum mai furfura a gemu.

"'Yan wasan naka sun ci ranar, aƙalla?" na ce.

"An lallasa su."

Dariya ta kuɓuce mini, mummuna, ta juye ta zama kuka, shi ma ya rufe fuska da tafin hannu. Matar da ke gabanmu ta waiwayo, ta miƙo mana hankici na takarda, ta ce kar mu damu, akwai sauran rabin lokaci.

Aka busa usur, 'yan wasa suka dawo. Yaya ya goge ido ya miƙe.

"Tashi mu tahi."

Na riƙo gefen rigarsa na jawo shi ƙasa.

"Zauna ka ƙarasa. Wannan karon babu wanda ke jiranka a ciki."

Muka zauna har aka tashi, kafaɗata a jikin tasa, kuma daga ni har shi babu wanda ya san wanda ya ci.