Ranar da Na Kai 'Yata Korar Tsuntsu

Sau biyu ambaliya na cinye mini gida, kuma ban cika tunawa da su ba. Amma ranar da na kai 'yata korar tsuntsu tana nan a raina har in koma ga Allah.

Lokacin tana aji uku. Malaminsu ya ce mini kanta ba ya ja, kullum ita ce ta ƙarshe. 'Yan ajinsu suka sa mata daƙiƙiya, sunan ya biyo ta har gida. Ni ban yi boko ba, abin da malam ya faɗa shi na ɗauka. Na ce ta ajiye littafi, ga shinkafa ta fara ƙosawa a fadama, ta zo ta yi mini amfani.

Na zaunar da ita a kan tudu, na ba ta igiyar da muka ɗaura wa gwangwanaye. Aikin bai wuce ta ja igiya in ta hango jan baki, tsuntsayen nan masu cinye shinkafa ba. Da hantsi sai ga su daga wajen kogi, tuli guda kamar hayaƙi. Yarinya na zaune, igiya a hannu, ko motsi. Suka sauka.

Na taho da gudu, na ɗaga hannu zan mare ta. "Ke! Nan ma daƙiƙancin za ki yi mini?"

Ta ce, "Baba, ina jin kukansu, amma ban gan su ba."

Na sauke hannuna. Na nuna mata bakin ruwa, na ce mutum nawa ne a kwale-kwalen can?

"Wane kwale-kwale, Baba?"

Na zauna a ƙasa. Ashe don doguwa ce a bayan aji ake ajiye ta, allo kuwa hazo kawai take gani. Ta ɗauka kowa haka yake gani, shi ya sa ba ta taɓa faɗa ba.

Washegari muka shiga Haɗeja, aka auna idon, aka ba ta tabarau. Da kaina na mayar da ita makaranta. Na ce, "Malam, ka taɓa tambayarta ko tana ganin rubutunka?" Ban ƙara ba, don ni ma shekara tara ina tare da ita ban tambaya ba.

Ba ta zama ta ɗaya ba, amma ta gama sakandare. Tun daga nan, in aka ce mini yaro daƙiƙi ne, sai in ce wa ya zaunar da shi ya ji abin da ke damunsa? Yawanci ba kowa.